Shekarar da Na Juya Bakin Goruna

Na ji abin da kuke shiryawa. 'Yar'uwarku Hadiza ce ta yi suɓul da baka tana auna mini hawan jini, wai kun haɗa kai, ku da 'ya'yan Baffanku Lawali, za ku kira kafinta ya cire bangon katakon da ke kan matakala, sama da ƙasa su koma gida ɗaya, a wanke abin da kuke kira faɗan iyayenmu. Ban ce mata komai ba, don in na fara da baki kun san yadda take ƙarewa: ni ina Hausa, ku kuna ba ni amsa da Turanci, a tashi kowa ransa a ɓace. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ni da Lawali ba mu yi faɗa ba. Ni na sa aka kafa bangon nan, kuma da ban kafa shi ba da tuni kun tashi ba ku san 'yan'uwanku ba sai ta waya.

Ku fara sanin irin mutumin da nake a lokacin. Na baro Damagaram ba ni da komai sai jakar hannu, na yi tallan agogo da hula a titin Fordham a nan Amurka har sanyi ya ci mini yatsu, sannan Allah ya buɗa na samu kanti a Stapleton. Da na sayi gidan nan na kudancin tsibirin da muke zaune, bakin fadama, abin da na fara yi shi ne neman takardun ƙanena. Shekara shida ina bin su. Ranar da Lawali ya sauka da matarsa Zara'u na yi kuka a filin jirgi, ban ji kunyar kowa ba. Na ba su ƙasa, mu muna sama. Gidan yana da ƙofa biyu, ta gaba da ta gefe mai shiga ƙasa kai tsaye. Da hannuna na buga wa ta gefe ƙusoshi, na jingina mata firiza. A gidan ubanmu zaure ɗaya ne, tukunya ɗaya ce, kuma ban ga dalilin da zai sa Amurka ta koya mini wani abu daban ba. Kujerata na falo, daidai inda mai shiga da mai fita dole ya gifta. Ina zuwa? Daga ina? Mene ne a ledar nan? Wallahi ni a raina kulawa ce nake yi. Shekara tara aka yi a haka.

Maƙwabcinmu na hagu wani tsohon Bature ne, Sal, wanda ya yi aikin jirgin ruwa har ya yi ritaya. A filinsa na baya yana da wani gidan tsuntsaye na ƙarfe a kan dogon turke, ɗaki-ɗaki kamar otal. Wata irin tsattsewa ce ke zama a ciki, ta fi tamu ta gida girma, su suna ce mata matin. Namijin baƙi ne mai sheƙin shuni, kamar rawanin da ya sha bugu, macen kuma cikinta fari-fari ne. Idan sanyi ya doso sai su tafi can Brazil, idan ya wuce su dawo, kuma ba ko'ina ba sai turken da suka bari. A nan yankin ba sa sheƙa a itace, sai a abin da ɗan Adam ya rataya musu. Sai wata shekara da kaka aka yi guguwa ta karya turken, ta lauye gidan. Sal gwiwarsa ta riga ta ƙi, ba zai iya kafa wani ba. Na same shi a jikin shinge yana kallon duman da nake shukawa don kewar gida, ya yi 'ya'ya manya-manya.

Ya ce, "Ka san waɗannan abubuwan sun fi gidan ƙarfe? Tun kafin Turawa su zo ƙasar nan, su ake rataya wa tsuntsayen. Za su dawo cikin Afrilu su tarar babu komai. Ka taimake ni."

Ai sai ya sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ubanmu gyartai ne, mai gyaran ƙwarya, duma shi ne abincinmu, tun ina ɗan shekara bakwai nake fafe gora. Na zaɓi goma sha biyu, na shanya su duk tsawon hunturu, na fafe, na yanka baki daidai awon da Sal ya zana mini a takarda, na huda ƙasa don ruwa ya fita, na shafa farin fenti. Na kafa turke a tsakiyar filina da igiyar saukewa, na ɗora masa faffaɗan zobe na ƙarfe. Lokacin rataya Sal yana asibiti an yi masa aikin gwiwa, daga nan 'yarsa ta wuce da shi gidanta. Don haka ba wanda na tambaya. Na rataya su zagaye, kowane gora bakinsa na kallon tsakiya, ɗaki na kallon ɗaki, yadda duk gidan mutunci yake a garinmu. Na ja da baya na duba, na ce madalla, ga gida har da tsakar gida.

Tsakiyar Afrilu namiji na farko ya iso, tsoho ne, baƙi wuluk. Ya zagaya filin Sal sau uku, ya ga wayam, ya sauka a nawa. Ya shiga goran farko ya fito, ya shiga na biyu ya fito, har ya gama da sha biyun, sannan ya hau saman turke ya buɗe maƙogwaro. Na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Bayan kwana biyu wasu maza uku suka zo, tsofaffin mazauna gidan Sal. To, nan na ga abin mamaki. Duk wanda ya sauka a bakin gora, ko da na can ɗaya gefen ne, sai ya taso masa. Su cakume a iska, su faɗo har ƙasa suna birgima a ciyawa, gashi na tashi. In ɗaya ya kuskura ya shige ciki sai ya bi shi, ka ji gora na kaɗawa, ana ƙara. Cikin mako guda ya kore su duka. Mace ɗaya ta zauna da shi, suka fara kai laka da ciyawa gora guda. Sha ɗaya na nan babu kowa, amma duk nasa ne, kuma daga bakin ƙofarsa yana hango kowanne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne asuba. Idan na idar da salla na fito da kofin shayi, sai in ji shi can sama, ba a ganinsa, yana wani kira mai daɗi ba ƙaƙƙautawa. Daga baya Sal ya gaya mini samarin da ke tahowa a makare yake kira, waɗanda aka ƙyanƙyashe bara, yana sanar da su akwai wurin zama. Kuma suna zuwa. Da hantsi sai ka ga biyu ko uku sun iso a gajiye, sun sauka a zobe. Kafin azahar ya yi musu dukan kawo wuƙa sun gudu. Gobe da asuba ya sake hawa sama yana kira.

Wata safiya mahaifiyarku Hajiya Rabi ta fito shanya, ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Alhaji, tsuntsun nan hula kawai ya rage a sa masa."

Na ce, "Me kike nufi?"

Ta ce, "Ni? Babu. Shanya nake yi."

Na gane sarai hannunka mai sanda ne, na yi kamar ban gane ba. Na ce mata tsuntsu mai kishin gidansa ai abin yabo ne.

A cikin watan Mayu ne, wata Lahadi da la'asar, ina tsugune bayan shingen duma ina gyaran igiya, na ga motar Lawali ta tsaya can nesa da gida, ba inda ya saba ajiyewa ba. Ya fito da kwali a hammata, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya lallaɓo ta gefen gida. Ya durƙusa a ƙasa da rigarsa ta aiki, ya ƙwanƙwasa 'yar tagar ƙasa. Zara'u ta buɗe, ya tura mata kwalin. Na ga hoton da ke jiki: tukunyar dafa shinkafa ce ta lantarki, 'yar ƙarama, ta mutum biyu. Sannan ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya zagaya ya shiga ta ƙofar gaba hannu rabbana. Mutum mai shekara arba'in da shida, direban bas, mai 'ya'ya uku, furfura ta fara fito masa a gemu.

Da ina da hankali da kunya ce ta kama ni. Amma fushi ne ya zo. Bayan magariba na sa aka kira shi falo.

Na ce, "Lawali, abincin gidan nan ne bai ishe ku ba, ko guba ake zuba muku?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, ba haka ba ne. Shekara tara Zara'u ba ta dafa mini abin da ita ta ga dama ba. Ko sau ɗaya."

Na ce, "Sai ta taga? Kamar ɓarawo?"

Ya ce, "Ta ƙofa ai sai an tambaye ni."

Bai taɓa mayar mini da magana ba tun yana yaro. Ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce dama yana neman hanyar da zai faɗa mini: wani abokinsa ya samo masa aikin tuƙi a Ohio, in yara sun yi hutun makaranta ƙarshen Yuni za su tashi. Ya ce ba don ya ƙi ni ba. Ya ce ba abin da zai iya biyana da shi har ya mutu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce masa Allah ya kiyaye hanya, na ƙara da cewa dama an ce tsintacciyar mage ba ta mage. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya na faɗa wa haka. Ya tashi ya sauka, ban ko bi shi da ido ba.

Kwana goma ba mu yi magana ba sai gaisuwa. Ina ganin Zara'u tana tara kwalaye. Ku yara kuna ta kuka a ɗaki, kuna tsammanin ban sani ba. Ni kuma ba na iya cin abinci, in na je kanti sai in ba mutum canjin da ba nasa ba. Tsoro ne ya cika ni, in faɗa muku gaskiya. Iyayenmu sun rasu, 'yan'uwanmu mata suna gida, a duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ya san sunan da innarmu take kirana da shi, kuma saura wata guda ya tafi. Amma girman kai ya hana ni sauka matakala goma sha uku.

Ranar da Sal ya dawo, da sandarsa mai ƙafa huɗu, na sauke masa zoben don ya ga aikina. Muna duba gorunan ɗaya bayan ɗaya sai na ji wari. A na bakwai muka tarar da wani saurayin tsuntsu a mace, ƙeyarsa duk sara, gashin shunin bai ma gama fito masa ba. Ya shiga ne, aka tare masa ƙofa. Na ɗauke shi a tafin hannu, ba nauyi ko kaɗan. Tun daga Brazil ya taso, ya amsa kira, ya zo ya mutu a goran da na fafe da hannuna.

Sal ya dubi zoben, ya dube ni. Ya ce, "Wa ya rataya su haka?"

Na ce ni ne, na yi masa bayanin tsakar gida irin tamu, har da alfahari.

Ya yi dariya har sai da ya riƙe shinge. Sannan ya ce, "Abokina, ba ka ba su gida goma sha biyu ba, gida ɗaya ka ba shi mai ɗaki goma sha biyu. Duk ƙofar da idonsa ya gani daga tasa, tasa ce. Ba mugunta ba ce, haka aka yi shi. Kuma ba ya son zama shi kaɗai, ai kana jin sa da asuba. Ka juya bakunan su kalli waje, kowa ya fita ta gabansa. Nasa kaɗai za ka bari yadda yake, kada ya ɓata hanya, akwai ƙwai a ciki."

Na juya goma sha ɗaya a ranar, ban yi minti ashirin ba. Tsohon tsuntsun ya yi kwana biyu yana zagaye yana masifa, ya kori wannan, kafin ya dawo wancan ya shige ta bayansa. A rana ta uku ya gaji, ya koma ya zauna a bakin nasa. Kafin mako ya cika gora huɗu sun samu masu su. Ana ɗan taɓa faɗa, ba a rasa ba, zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma ba wanda ya sake mutuwa. Da yamma kuwa sai su tashi gaba ɗaya su yi sama, har da shi, suna kamun ƙwari a kan fadama.

Na binne saurayin tsuntsun a gindin duma. Ina cikin mayar da ƙasa Hajiya ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Alhaji, ƙusa nawa ka buga wa ƙofar can?"

Na ce, "Takwas."

Ta ce, "To."

Ta juya ta shiga gida.

Ga inda na yi kuskuren da ya sa har yau kuke cewa faɗa ne. Mutumin kirki zai sauka ya ce, ƙanena, na yi laifi, zo mu yi shawara. Ni ban iya ba, harshena bai saba ba. Sai na yi abin da na iya, wato ba da umarni. Na kira wani kafinta ɗan Kumasi da muke masallaci ɗaya, na bari sai da Lawali ya fita aiki, Zara'u ta raka yara makaranta. Muka ture firiza, na zare ƙusoshin da kaina, aka sa sabon kwaɗo. Aka kafa bango a kan matakala. Daga baya ne aka bi hanyar takardu aka haɗa musu murhu. Da Lawali ya dawo da yamma ya shigo ta gaba, ya nufi matakala, sai ya ci karo da katako. Ya juyo fuskarsa ta yi fari, yana tsammanin korarsa na yi tun kafin lokaci. Ku kuna tsaye a bakin kicin, wannan fuskar kuka gani, ita kuka riƙe.

Na miƙa masa makulli biyu a zare. Na ce, "Ƙofarka tana gefe. Biyu ne suka zo da kwaɗon, ga su duka. Ban riƙe ko ɗaya ba."

Ya dube su a hannunsa. Ya ce, "Yaya, in na shiga da wani abu fa?"

Na ce, "Ko raƙumi ne, ba ruwana."

Bai ce zai zauna ba, bai ce zai tafi ba. Ya fita, na ji takunsa a gefen gida, na ji makulli ya juya.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. A masallaci aka yi ta magana, wai Alhaji ya raba gida, wai Amurka ta shige shi. Wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa ya yi mini wa'azin zumunci, na tsaya na saurara har ƙarshe, don ban san yadda zan ce masa tsuntsu ne ya koya mini ba. Babbar tukunyar Hajiya ta koma saman kabad, har yau tana can. Falo ya yi shiru. Ina zaune a kujerata ba mai giftawa, ina jin ƙanshin girkin Zara'u yana tasowa ta ƙasan katako, ban san me ake dafawa ba, kuma ba ni da ikon tambaya. Ƙarshen Yuni ya zo ya wuce, mota ba ta zo ɗaukar kaya ba, amma ba wanda ya ce mini an fasa. Yuli ya wuce. Sai in hango Lawali ta taga yana fita, ya ɗaga mini hannu, shi ke nan. Na ce a raina, to, Mamman, ka tsare shi a gari amma ka rasa shi a gida. Na yi nadama fiye da sau ɗaya, har na taɓa ɗauko guduma na tsaya gaban bangon, Hajiya ta zo ta karɓe.

Cikin Agusta, lokacin da 'ya'yan tsuntsayen suka tashi, suna taruwa a kan waya suna shirin tafiya, wata Juma'a bayan la'asar aka danna ƙararrawar ƙofar gaba. Na ji sallama. Na buɗe, sai ga Lawali da kwano a rufe. Dambun zogale ne, irin na innarmu, da man gyaɗa da albasa, ashe Zara'u ta iya shi duk shekarun nan ban sani ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jira sai da na ce bismilla. Ya shigo ya zauna, ba a ƙasa ba inda ya saba, a kujerar da ke kusa da tawa. Muka ci a kwano ɗaya. Ya ba ni labarin wani fasinja da ya shiga bas da kaza a jaka, na yi dariya har na ƙware. Ya ce mini farashin da nake sa wa man ja a kanti ya yi yawa, shi ya sa matan Gana suke wuce ni. Ka ji fa! Kuma gaskiyarsa ce. Sai da aka kira magariba ya tashi. A shekara tara da matakala take buɗe bai taɓa hawowa ya zauna da ni ba sai in na aika a kira shi.

Yana sa takalmi na kasa daurewa, na ce, "Ohio fa?"

Ya ce, "Wace Ohio, Yaya? Ai na mayar wa kanti kwalayensu tun tuni."

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yi a ƙasan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Tsakanin ƙofarsa da tawa taku ashirin da uku ne, na ƙirga. Kusan kullum sai ya yi su, wani lokaci da kwano, wani lokaci hannu sake. A hunturunsa na ƙarshe, da ciwo ya kwantar da shi, ni na riƙa yin su, cikin ƙanƙara, da sanda, in tsaya a ƙofarsa in yi sallama in jira a ce in shigo. Tun ina yaro nake jin ana cewa zumunta a ƙafa take, ban san abin da ake nufi ba sai da na tsufa.

Sal ya riga Lawali tafiya. Gorunan yanzu ashirin da huɗu ne, bara biyu kawai suka kwana babu kowa. In na mutu, wanda ya gaji turken ya wanke su da kaka, ya rataya kafin tsakiyar Afrilu, baki na kallon waje. Bangon kuma ku bar shi. Mansur, kai ne a sama, Bashir ɗan Baffanka ne a ƙasa da iyalinsa, kuma na ga yadda kake tambayarsa ina ya samo motar nan, halina ne sak ka ɗauko. In kana son ganinsa ka sa takalmi ka zagaya. Ba za ka ɓata ba, hanyar tana nan a gefen gida, inda ciyawa ta ƙi tsirowa har yau.